Babi na Biyar: Cuta a Gini, Asara a Kenya

A watan Agustan 2014 kamfanin jiragen sama na Koriya ta Kudu, Korean Air, ya dakatar da zirga-zirgarsa zuwa Nairobi, babban birnin Kenya. Dalilin da ya bayar shi ne tsoron cutar Ebola. A lokacin ko mutum ɗaya bai kamu da cutar a Kenya ba, kuma har annobar ta zo ta wuce ba a samu ba. Inda cutar ke kisa shi ne ƙasashe uku na yammacin nahiyar: Gini, Laberiya da Saliyo. Tsakanin Freetown, babban birnin Saliyo, da Nairobi akwai tazarar da ta haura kilomita 5,500, alhali tsakanin Freetown da Paris ba ta kai 5,000 ba. Mutumin da ya soke tafiyarsa zuwa gandun dajin Masai Mara ya zauna gida a Faransa ko Ingila, ya zaɓi zama a wurin da ya fi kusa da annobar ke nan.

Wani zai ce ai Nairobi mahaɗar jirage ce, masu fitowa daga yamma suna sauka can. Haka ne. Amma jiragen da ba su daina zuwa Monrovia da Freetown ba duk tsawon annobar su ne na Brussels Airlines da Royal Air Maroc, kuma ba a ji an ƙaurace wa birnin Brussels ba. A watan Oktoban shekarar wata ma'aikaciyar jinya ta kamu da cutar a Madrid, wasu biyu suka kamu a Dallas ta jihar Texas. Babu wanda ya ce a guji Turai, babu wanda ya ce a guji Amurka. Mai karanta jarida a can ya san Madrid gari ne guda a ƙasa guda. Abin da ba a nuna masa ba shi ne Afirka ƙasashe 54 ce a kan faɗin ƙasa da ya zarce murabba'in kilomita miliyan 30.

Wannan babi yana magana ne a kan wannan giɓi. Ɓarnar da kafofin yaɗa labarai na duniya ke yi wa sunan ƙasashen Afirka ba kasafai take zuwa ta hanyar ƙarya ba. Galibi labarin gaskiya ne. Matsalar ita ce ana ɗaukar gaskiyar wuri guda a shimfiɗa ta a kan nahiya sukutum, a ɗauki gaskiyar wata guda a bar ta tana aiki shekara ashirin.

Annobar da inuwarta

Annobar Ebola ta yammacin Afirka masifa ce ta haƙiƙa, ba ƙirƙirar 'yan jarida ba. Ta faro ne a ƙarshen 2013 a ƙauyen Meliandou da ke yankin Gueckedou a kudancin Gini, aka tabbatar da ita a watan Maris na 2014. Kafin ta lafa a 2016 ta kama mutum fiye da 28,000, ta kashe fiye da 11,000, kusan dukkansu a waɗannan ƙasashe uku. Ya wajaba duniya ta ji, domin da ba ta ji ba da taimako bai zo ba.

Sai dai inuwar cutar ta fi cutar tsawo. Masu kamfanonin kai baƙi gandun daji a Kenya, Tanzaniya, Botswana da Afirka ta Kudu sun wayi gari ana ta soke tafiye-tafiyen da aka riga aka yi rajista. Gambiya, wadda ba ta ga Ebola ko sau ɗaya ba, ta ji jiki sosai, saboda otal-otal ɗinta na bakin teku sun dogara da Turawan da ke gudun sanyin hunturu. Kakar 2014 zuwa 2015 ta lalace mata, har sai da ta nemi rancen gaggawa daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2015. A Amurka wata kwaleji a Texas ta rubuta wa 'yan Najeriya masu neman gurbin karatu cewa ba ta karɓar ɗalibai daga ƙasashen da aka samu cutar. Mujallar Newsweek kuwa ta sa hoton biri a bangonta, tana tambayar ko naman dajin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Afirka zai shigo wa Amurka da Ebola.

A tsakiyar wannan ruɗani ne Najeriya ta yi abin da ya cancanci a daɗe ana faɗa. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar. Likitar da ta duba shi, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata, ita ma daga baya cutar ta yi ajalinta. Jami'an lafiya suka bi sawun ɗaruruwan mutanen da suka yi hulɗa da masu cutar, suna amfani da tsarin da aka gina domin yaƙi da shan-inna. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da Ebola. An ba da wannan labari, ba a ɓoye shi ba. Amma labarin shigowar cutar Legas ya yi makonni a kanun labarai, na fitarta bai wuce kwana biyu ba.

Yadda abu ke zama labari

Domin a fahimci dalilin haka sai an leƙa ɗakin labarai. Tun 1965 wasu masana biyu 'yan Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, suka yi nazarin yadda jaridun ƙasarsu suka ba da labarin rikicin Kongo, Kuba da Cyprus. Abin da suka gano har yau bai tsufa ba: gwargwadon nisan ƙasa da ƙanƙantar ƙarfinta, gwargwadon munin abin da sai ya faru a cikinta kafin ta shiga jarida. Ƙasa mai ƙarfi tana shiga labarai da zaɓenta, da kasuwarta, da ƙwallonta, har da bikin auren 'yan gidan sarautarta. Ƙasa mai nisa sai da gawa.

Ga kuma lissafin kuɗi. Ajiye wakili a ƙasar waje yana da tsada, shi ya sa manyan kafofi ke tara wakilansu a 'yan garuruwa kaɗan: Nairobi, Johannesburg, Dakar, Legas, Alƙahira. Wakili guda kan ɗauki nauyin ƙasashe goma ko fiye. Ba zai sami kuɗin jirgi zuwa Bangui ko Yamai don ya ba da labarin sabuwar kasuwa ba. Edita na sa hannu a takardar tafiya ne idan an yi juyin mulki ko an kai hari. Wakilin ya sauka, ya kwana uku ko huɗu a otal, ya yi hira da wanda ke jin Turanci ko Faransanci, ya koma. Ranar da ƙura ta kwanta babu mai turo shi ya dawo ya shaida.

Hoto kuma ya fi rubutu daɗewa a zuciya. A watan Oktoban 1984 wakilin BBC Michael Buerk da mai ɗaukar hoto ɗan Kenya Mohamed Amin suka nuna wa duniya yunwar da ke kashe mutane a Korem da ke arewacin Habasha. Rahoton ya girgiza jama'a, ya haifar da gagarumin taron waƙe-waƙe na Live Aid a watan Yulin 1985, aka tara miliyoyin daloli, aka ceci rayuka. Amma an gabatar da yunwar tamkar fari ne kawai, ba a cika bayanin yaƙin basasa da manufofin gwamnatin soja ta Mengistu da suka tsananta ta ba. Shekaru arba'in bayan haka, Baturen da ya girma da waɗannan hotuna idan aka ce masa Habasha, yaro mai kumburarren ciki yake gani. Ba ya ganin majami'un Lalibela da aka sassaƙa cikin dutse, ba ya ganin masallacin Najashi da ke tuna hijirar farko ta Sahabbai, ba ya tuna cewa kamfanin jiragen sama mafi girma a nahiyar na ƙasar ne.

Ko da aka tashi yabo, a dunƙule ake yinsa. A watan Mayun 2000 mujallar The Economist ta kira Afirka nahiyar da aka yanke wa ƙauna, ta sa hoton wani matashi ɗauke da makami a bangonta, alhali babban abin da ya jawo labarin yaƙin Saliyo ne. A watan Disambar 2011 mujallar ta dawo ta ce Afirka na yunƙurowa. Hukunci biyu masu karo da juna, amma tunani guda ne ya haife su: cewa za a iya yanke wa Moris da Somaliya da Maroko da Malawi hukunci ɗaya a jimla ɗaya.

Daga kanun labarai zuwa aljihun direba

Mai shirin tafiya ba labarai kaɗai yake dubawa ba. Tsakaninsa da filin jirgi akwai sarƙa mai ɗauri uku. Ɗauri na farko shi ne gargaɗin tafiye-tafiye da ma'aikatun harkokin waje ke wallafawa. Amurka tana jera ƙasashe a mataki huɗu, na huɗun yana nufin kada a je. Faransa tana shafa wa taswira launi, daga kore zuwa rawaya zuwa ruwan goro zuwa ja. Ɗauri na biyu kamfanonin inshora ne, waɗanda galibi ba sa biyan diyya ga wanda ya shiga inda gwamnatinsa ta hana. Na uku kamfanonin shirya tafiya, waɗanda ba sa ɗaukar fasinja zuwa inda inshora ba ta aiki. Da zarar jami'i a Paris ko London ya sauya launin wani yanki, jirgin shata ya daina sauka, ko da mutanen wurin ba su ga canjin komai ba. Jami'in nan kuwa ba ya shan tuhuma idan ya yi tsanani fiye da kima. Tuhuma tana zuwa ne idan ya sassauta wani abu ya faru. Shi ya sa shafa ja ke da sauri, goge shi ke da nawa.

Agadas ta san wannan sarƙa sarai. A shekarun 1980 garin ya zama zangon Turawa masu son hamada. Gasar tseren motoci ta Paris zuwa Dakar tana ratsa yankin, baƙi na zuwa ganin hasumiyar masallacin da aka gina da laka mai tsawon mita 27, da duwatsun Ayar, da rairayin Tenere, da taron makiyaya na shan gishiri a Ingal. Direbobi, 'yan jagora, masu dafa abinci, maƙeran azurfa da dukawa duk sun ci abinci a wannan harka. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 ya tsayar da ita, ta farfaɗo, tawayen 2007 ya sake kwantar da ita. A 2008 aka soke gasar Dakar gaba ɗaya bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, daga nan ta koma Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya, tana riƙe da sunan garin da ba ta zuwa. A watan Satumban 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Taswirar arewacin Nijar ta koma ja. Lokacin da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, baƙin da za su zo gani sun riga sun ɗauke ƙafa.

A nan dole a faɗi gaskiya: haɗarin na gaske ne. An sace mutane, an kashe wasu, kuma a watan Agustan 2020 'yan bindiga sun hallaka Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa. Babu gwamnatin da za ta yi shiru a kan irin wannan. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu, da baƙi suka ƙare, da yawansu sun koma jigilar masu neman tsallakawa Libiya. Sai kafofin duniya suka dawo Agadas, wannan karon suna kiranta matattarar masu safarar mutane, ba tare da tambayar wace sana'a mutanen ke yi a da, da abin da ya raba su da ita ba. Muritaniya ta nuna ɗaya gefen lamarin. A 2017 Faransa ta sassauta launin yankin Adrar bayan shekaru na kwanciyar hankali, kafin shekarar ta ƙare jiragen shata suka koma sauka a Atar.

Masu mayar da martani

Koke a kan wannan rashin daidaito ba sabo ba ne. A zamanin da ɗan Senegal Amadou-Mahtar M'Bow ke shugabancin UNESCO, hukumar ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sean MacBride, wanda rahotonsa na 1980 ya nuna yadda 'yan kamfanonin dillancin labarai na Yamma suka mamaye abin da duniya ke ji. Ƙasashen Afirka suka kafa kamfanin dillancin labarai nasu, PANA, mai hedikwata a Dakar. Bai yi tasirin da aka zata ba, saboda ƙarancin kuɗi, kuma saboda labaran da yake rarrabawa daga kamfanonin gwamnatoci suke fitowa, masu yabon shugaba da ɓoye aibu. Wanda ya gaji da ɓatanci ba ya nufin yana son a yi masa fadanci.

Intanet ta sauya ma'aunin ƙarfi. A watan Yulin 2015, ana dab da ziyarar Shugaba Barack Obama, gidan talabijin na CNN ya siffanta Kenya da matattarar ta'addanci. Kenya ta ga hare-hare, na Westgate a 2013 da na jami'ar Garissa a watan Afrilun 2015, amma 'yan ƙasar ba su yarda a taƙaita su a wannan ba. Suka yi wa gidan ca a Twitter da raha da hotunan rayuwar yau da kullum, har wani babban jami'in CNN, Tony Maddox, ya taso zuwa Nairobi ya ba Shugaba Uhuru Kenyatta haƙuri. A watan Janairun 2019 suka sake tasowa kan jaridar New York Times da ta wallafa hoton gawarwakin waɗanda aka kashe a harin otal ɗin Dusit, suna tambayar ko haka take yi idan a Amurka abin ya faru.

Darasin bai zauna ba tukuna. A ƙarshen Nuwamban 2021 masana kimiyya na Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona, Omicron, suka sanar da duniya nan take kamar yadda ya kamata. Sakayyar da suka samu ita ce rufe musu ƙofa. Birtaniya ta hana shigowa daga ƙasashen kudancin Afirka a daidai farkon kakar baƙi, ta ƙara da Najeriya a farkon Disamba. Ba a jima ba Holland ta gano cewa nau'in yana ƙasarta tun kafin sanarwar. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya kwatanta matakin da wariyar launin fata a harkar tafiya. A tsakiyar Disamba aka janye haramcin, bayan otal-otal na Cape Town sun yi asarar da ba mai biyansu.

Wasu ƙasashe sun zaɓi sayen suna da kuɗi. Ruwanda, wadda duniya ta sani da kisan ƙare-dangi na 1994, ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal a 2018 aka rubuta gayyatar ziyartar ƙasar a hannun rigar 'yan wasa, sannan ta ƙara da Paris Saint-Germain. Dabarar ta jawo baƙi masu iya biyan dala 1,500 don kallon goggon biri a tsaunukan arewacin ƙasar. Ta kuma jawo suka daga masu cewa ana rufe batun haƙƙin ɗan Adam da rikicin gabashin Kongo da tallar ƙwallo. Ghana ta bi wata hanya a 2019, ta gayyaci jikokin bayin da aka kai Amurka su zo ganin tushensu, shekaru 400 bayan saukar bayi na farko a Virginia. Duk da wannan ƙoƙari, nahiyar gaba ɗaya kusan kashi 5 cikin 100 take samu na masu yawon buɗe ido na duniya. Faransa ita kaɗai ta fi ta karɓar baƙi.

Namu kason

Bahaushe mai sauraron rediyo ne tun fil'azal. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, Muryar Jamus da Muryar Amurka da Rediyon Faransa suka biyo baya, kuma ma'aikatansu 'ya'yanmu ne masu sanin ƙasa. Labarinsu na Kano ko Maraɗi yakan fito da cikakken bayani, domin wakili na zaune a garin. Amma labarin Kinshasa ko Mogadishu daga babban ɗakin labarai yake zuwa a fassara shi, kamar yadda jaridunmu na gida ke kwaso labarin maƙwabta daga Reuters da AFP. Sakamakon haka, abin da mutumin Katsina ya sani game da Kongo bai wuce abin da mutumin Manchester ya sani ba: yaƙi, 'yan tawaye, Ebola. Bai san Goma da Kinshasa sun fi Legas da Maiduguri nisa da juna ba.

Mun kuma ɗanɗani abin a cikin gida. Tun daga 2009 ɗan Legas da bai taɓa tsallake kogin Kwara ba yake jin arewa duk daji ɗaya ce da Sambisa, iyaye na kai-kawo don kada a tura 'ya'yansu hidimar ƙasa Sakkwato ko Dutse. Wake ɗaya ya ɓata gari. Mu ma idan aka kai wa 'yan tireda hari a wata kasuwa a kudu maso gabas, sai mu haɗa kudu duka mu yi mata kuɗin goro. A lokacin Ebola ba BBC ko CNN ba ce ta tashe mu da asuba mu yi wanka da ruwan gishiri mu sha. Saƙon waya ne daga 'yan uwa, kuma ya kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

Shingen kuma ba a Turai kaɗai yake ba. A 2024 Alhaji Aliko Ɗangote ya faɗa a wani taro a Kigali cewa yana buƙatar biza 35 kafin ya zaga nahiyar da fasfonsa na Najeriya. Ƙasashe irin su Benin, Gambiya, Seychelles da Ruwanda sun buɗe ƙofa ga kowane ɗan Afirka, amma har yanzu su ne 'yan tsiraru. Muddin ɗan Afirka bai iya zuwa ya ga maƙwabcinsa da idonsa ba, zai ci gaba da saninsa ta bakin wani.

Maganin wannan ciwo ba musanta matsala ba ne, kuma ba cika shafuka da hotunan faɗuwar rana a gandun daji ba ne. Ƙasar da ke fama da 'yan bindiga tana fama da su, kuma matafiyi na da haƙƙin a gaya masa. Abin da ake nema daga ɗan jarida, Bature ne ko Bahaushe, shi ne ya yi wa Afirka irin ƙididdigar da yake yi wa Turai: ya faɗi sunan ƙasa, ya faɗi jiha ko lardi, ya faɗi ranar, ya faɗi nisan wurin da inda mutane ke zuwa, sannan ya koma bayan shekara ya ba da labarin yadda aka ƙare. Mai sauraro kuma, duk lokacin da ya ji an ce abu ya faru a wata ƙasa da bai sani ba, ya yi tambaya uku kafin ya yanke hukunci ko ya tura wa wani: a wane gari, yaushe, kuma wa ya gani da ido?